WA YA HAƘA TAFKIN DA AKE NUNA WA BAƘI?

Hukuma ta yi wa Jihar Filato kirari da Turanci, ta manna shi a lambar kowace mota, wai gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Game da abin gani ba mu yi musu ba. Ga duwatsun Shere a gabas da Jos, ga dutsen Riyom da aka ɗora kamar da hannu, ga ruwan Assop yana zubowa a gefen hanyar Hawan Kibo, ga sanyin da ya sa Turawa suka mai da garin wurin hutawarsu. Waɗannan duk aikin Allah ne, ba gwamnatin da za ta ce ita ta yi.

Amma akwai waɗansu wurare da ake kai baƙo waɗanda hannun mutum ne ya yi su, a kansu muke so mu yi magana. Tafkin Rayfield, inda manya ke shiga kwalekwale ran hutu, ba kogi ba ne, ramin kuza ne da ruwa ya cika. Ire-irensa suna nan da yawa daga Jos zuwa Bukur har Barikin Ladi. Wa ya haƙa su?

Jama'a, ku saurara. Tun Turawa ba su zo ba mutanen Liruwe suna narka kuza suna sayarwa. Da kamfanonin Ingila suka shigo a farkon ƙarni na 20 sai suka mallake harkar, har aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya iso Bukur a 1914, don kwashe kuza. Wutar lantarkin da aka jawo daga ruwan Kurra ma don injinan haƙa aka jawo ta, ba don ɗakin talaka ba. Manoman Birom suka rasa gonakinsu na acca. Talakawan Kano, da Katsina, da Sakkwato, da Barno suka hauro dutse neman kuɗin haraji, suna sara da diga, suna ɗaukar ƙasa a kwano tun safe har la'asar.

Mafi muni shi ne abin da ya faru daga 1942 zuwa 1944. Japan ta ƙwace Malaya, inda ake haƙa kuza mai yawa, sai gwamnatin Turawa ta ce a kawo mutane ko suna so ko ba su so. Tsofaffi suna kiran abin diban gwamna. Razdan ya gaya wa sarki, sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci kuwa ba ɗansa zai bayar ba, ɗan wanda ba shi da kowa zai kama. Mutum wajen dubu ɗari aka ɗiba a cikin shekarun nan. Aka kawo mutumin ƙasar zafi kan dutse da 'yar taguwa, ba bargo, abinci bai isa ba, bukka na yoyo. Ciwon haƙarƙari da atuni suka kashe da dama, waɗansu suka gudu da ƙafa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hatta gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, daga ramin lebura arzikinsa ya fito. Gumakan yumɓun nan na Nok, da suka shekara fiye da dubu biyu, waɗanda ake tasowa daga Turai a gani, a wurin haƙar kuza aka fara tono su a 1928. Ɗaya daga cikin kawunan ma sai da wani ma'aikacin kuza ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi kafin a kai wa Fagg. Sunan Fagg yana cikin littattafai, ya kuma cancanta. Sunan wanda digarsa ta bugi yumɓun fa?

Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, manyan kamfanoni suka naɗe tabarmarsu, ba su cike ramukan ba. Ɗaya aka gyara aka sa kujeru ana karɓar kuɗin shiga, sauran kuwa suna nan ba shinge, suna cin yara masu wanka da shanun makiyaya. Samari marasa aiki suna shiga ramuka da igiya neman ragowar kuza, ƙasa tana ruftawa da su. Wannan ba a buga shi a takardun talla.

Ba mu ce kada baƙi su zo ba. Su zo, da yawa ma, gama mai sayar da dankali da kabeji, da mai tsire, da direban tasi, duk da baƙo suke ci. Abin da muke nema a wurin hukuma shi ne a gaya wa baƙo gaskiya. A kafa dutse a bakin tafkin Rayfield, a rubuta da Hausa da Birom da Turanci cewa mutane ne suka haƙa shi, a faɗi lardunan da aka ɗebo su. A tara labarin diban gwamna daga bakin 'ya'ya da jikoki tun ba su manta ba, a ware masa ɗaki a gidan tarihi kusa da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa. Daga cikin kuɗin ƙofa a fitar da kaso a fili don shinge ramukan da ke kusa da gidaje, a kuma karanta lissafin a majalisa kowace shekara.

Ku kuma 'yan kasuwa, wannan magana taku ce. Babbar kasuwar Jos ta Taminus, wadda a da ita kanta abin zuwa kallo ce, ta ƙone a 2002, aka shafe fiye da shekara ashirin kuna kasa kaya a bakin titi ana korarku. In an kira taron yawon buɗe ido a otal, ku aika da wakilanku ko ba a gayyace ku ba. Su tambayi shugaban taron rumfa nawa aka ware wa ƙananan 'yan kasuwa a Rayfield da Assop, nawa ne kuɗin hayarta a wata, wa kuma ke raba ta.