Zaurance da lambar sirrin Baba

A gidaje da dama a Azare, yaro ɗan aji biyar na firamare ne ma'ajin sirrin gida. Shi ake miƙa wa waya idan saƙon banki ya shigo, a ce, "Zo ka karanta mini." Shi ake aika wajen mai POS, kati a aljihu, lambobi huɗu a ka. Haka abin yake a Madara da Chinade da Gadau. Mun danƙa masa makulli, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda kwaɗon yake aiki. Shi ya sa nake ganin ya kamata a fara koya wa yara dabarar ɓoye saƙo tun daga firamare, kuma da alli da allo, ba sai an jira kwamfuta ko an kawo wuta ba.

Ai yaran ma sun riga mu farawa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san zaurance: a juya gaɓa, "gida" ya koma "dagi", ko a cusa wata gaɓa tsakanin gaɓoɓi, 'yan mata biyu su yi ta gulmar yayarsu tana zaune tana kallon bakinsu. Malami zai iya ɗorawa daga nan. Ya rubuta haruffan Turanci 26 a allo, ya ce kowane harafi a tura shi gaba da gida uku, yadda Juliyas Kaisar na Rum yake yi wa wasiƙunsa. A ta zama D, Z ta zagayo ta zama C, R ta zama U, E ta zama H. Sunan garinmu, AZARE, ya koma DCDUH. A raba aji biyu, waɗannan su kulle, waɗancan su kwance. Ba za a sami mai gyangyaɗi ba.

Kwancewar ce ta fi armashi, nan kuma ilimin yake. Yaro mai lura zai ga D ta fito sau biyu a cikin haruffa biyar. Wane harafi ya fi yawa a Hausa? A, ba ko tantama. To D ita ce A, turin uku ne, asiri ya tonu. Wannan dabara ta ƙirga yawan fitowar harafi, Al-Kindi ne ya rubuta ta a Bagadaza tun ƙarni na 9. Idan yaron ma malalaci ne, turi 25 kaɗai ake da shi, zai gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin a tashi tara. Daga nan sai malami ya jefa tambaya: lambar katin Baba fa? Lambobi huɗu suna ba da haɗi 10,000, banki kuma yana toshe kati idan an yi kuskure sau uku. Amma idan Baba ya zaɓi 1234, ko shekarar haihuwarsa, ɓarawo gwaji nawa yake buƙata?

Kada wani ya ce baƙon abu aka kawo mana. Malamanmu na zaure sun san hisabi, inda alif yake 1, ba 2, jim 3, dal 4. Mawaƙan zamanin Shehu Usmanu, zamanin da Malam Zaki ya karɓo tuta ya kafa Katagum, sukan ɓoye shekarar da suka yi waƙa cikin 'yan haruffa a baitocin ƙarshe, abin da ake kira ramzi. Nana Asma'u ta yi haka. Almajirin da ya iya warware ramzi ya riga ya fi ɗan boko shiri a wannan fage, sai dai ba a gaya masa ba.

Tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙo daga wayar mai aikawa har wayar mai karɓa, kuma ɗan damfara bai da ƙarfin fasa irin wannan lissafi. Bai ma gwadawa. Kira yake yi da murya mai sanyi: "Alhaji, daga banki ne, BVN ɗinka ya sami matsala, karanto mana lambar da ta shigo yanzu." Ko ya ce taron ƙungiya za a yi, a turo lambobi shidan da suka shigo wayar. Wa zai karanto? Yaron nan dai. Wanda ya taɓa kallon abokan wasa sun kwance saƙonsa saboda wani ya yi suɓul da baka ya faɗi "uku", shi ne zai ce, "Baba, ba a faɗa wa kowa wannan."

Na san abin da wasu iyaye za su ce: yaran da ko yanzu ba mu san me suke yi a waya ba, a ƙara koya musu ɓoye-ɓoye? Damuwar tana da tushe, ban raina ta ba. Sai dai sa wa waya lamba da goge hira, yaro bai jiran malami ya koya masa, a majalisa yake ɗauka kyauta. Abin da majalisa ba ta koyarwa shi ne bambanci tsakanin sirrin da amana ce, kamar lambar katin Inna, da sirrin da baƙo yake cewa a ɓoye wa iyaye. Wannan kam sai a aji, ko a Islamiyya lokacin darasin amana.

Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh tana nan cikin gari, kowace shekara ɗalibanta suna fita koyon koyarwa a makarantun ƙasar Katagum. A ba kowannensu darasin minti 40 a kan DCDUH ya tafi da shi. Hedimasta bai buƙatar takarda daga Bauchi kafin ya ba da awa ɗaya cikin lokacin lissafi ranar Alhamis.