Bühler a Kano: Wa zai ci moriyar injinan sarrafa dawa da gero?

A watan Yulin 2024, kamfanin Bühler na ƙasar Suwizalan ya buɗe cibiyar gwajin sarrafa hatsi a Kano, da haɗin gwiwar kamfanin Flour Mills of Nigeria. Mai sayen burodi ba lalle ya san sunan ba, amma kamfanin, wanda aka kafa a garin Uzwil a 1860, na cikin manyan masu ƙera injinan niƙa da na casar shinkafa a duniya. A cewarsa, kusan kashi 65 cikin 100 na alkamar duniya da injinansa ake niƙa ta.

Tsadar alkama ce ta sa hankali ya karkato kan hatsin gida. Najeriya na shigo da miliyoyin tan na alkama duk shekara, kuma tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Dole masu fulawa su nemi abin da za su gauraya da ita, ga kuma dawa da gero jibge a kasuwar Dawanau.

Sai dai sarrafa su ba kamar alkama ba ne. Dawa ba ta da sinadarin da ke sa kwaɓin burodi ya yi danƙo ya kumbura. Garin gero kuwa yana da maiƙo, shi ya sa ba ya jimawa yake canza wari da ɗanɗano. Duk mai dama fura ta san haka. Kafin a zuba shi a leda ya yi watanni a kanti, sai an tsince tsakuwa, an surfe, an kuma bi hanyar da za ta hana shi lalacewa. Amfanin cibiyar ke nan: mai masana'anta ya kawo hatsinsa a gwada, ya ga sakamako kafin ya zuba jari.

Ba sadaka Bühler ya zo yi ba. Wanda gwajinsa ya yi kyau, injin zai saya, kuma da kuɗin waje ake biyan injin da kayan gyaransa. Wato dalar da ta tsadar da alkama ita ce ke jiran mai son guje mata. Ga wuta: a Afrilun 2024 an ninka kuɗin lantarki fiye da sau uku ga 'yan rukunin Band A.

Manyan kamfanoni za su iya ɗaukar wannan nauyi. Mai ƙaramin injin niƙa a unguwa, wanda ke lallaɓa na'urar Sin ko ta Indiya da dizal, ba zai iya ba sai da bashi mai sauƙin ruwa, alhali ruwan bashin bankuna ya haura kashi 25 cikin 100 a 2024.