Ranar intabiyu ba a tambayar handawut

Wani yayanmu da ya gama HND shekara biyu da suka wuce ya dawo Kazaure hutun sallah, muka zauna wajen mai shayi yana ba mu labarin intabiyun da ya je a wani kamfanin haɗa motoci. Gurbin jami'in nazarin kuɗi ne. Ya ce sati biyu ya yi yana haddar ma'anoni, irin yadda muke yi daren jarrabawa. Da ya shiga, ba wanda ya ce ya kawo ma'anar komai. Wata mata a cikin masu tambayar ta ce masa: "Kayan haɗa mota ɗaya dala dubu goma muke sayo su daga waje. Dala ta tashi. Me za ka gaya wa manaja?" Ya ce wallahi nan take gumi ya karyo masa.

'Yan'uwana ɗalibai, ra'ayina shi ne: ba takardar difloma ce kaɗai ke kayar da mu a irin wannan wuri ba. Haddar handawut ce.

Mu duba tambayar. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni na shekarar, kafin a yi nisa cikin 2024 ta haura 1,500. Kayan dala dubu goma da suke naira miliyan 4.6 sun koma miliyan 15. Kuɗin kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi. Bashin banki ya ƙara tsada, don Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024. To, a ƙara wa mota kuɗi masu saye su gudu, ko a bar ta kamfani ya ci uwar kuɗinsa? Aikin ke nan. Tun daga PAN da ya fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, har zuwa kamfanin Dangote Peugeot na yanzu, duk mai haɗa mota a ƙasar nan da kayan waje yana kwana da wannan lissafin.

Abin haushin shi ne mun san amsar tun daga gida. Ɗan kasuwar Babura da ke saro kaya daga Nijar da sefa ba ya sa farashi bisa abin da ya saya jiya. Yana duba abin da zai kashe in zai sake sarowa gobe. Manomi a Roni ko Gwiwa, kafin ya ci bashin taki, sai ya auna buhu nawa zai samu da kaka, da nawa za a saya. Wannan shi ne nazarin kuɗi, sai dai babu kwamfuta. Mu da muka zo makaranta sai muka ajiye wannan basirar a bakin get, muka rungumi hadda.

Na san abin da wasu za su ce: aiki a Najeriya sai da hanya, kuma mai digiri ake fifitawa a kan mai HND. Ban musa ba, akwai wannan. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Amma yayan namu an kira shi fa, ya shiga ɗakin, ya zauna a kujerar. Ba rashin hanya ce ta fito da shi ba. Kuma kamfanin da ke lissafin riba da faɗuwa, ko ɗan wane ya ɗauka, dole ya nemi wanda zai iya aikin.

Me za mu yi? Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, irin su Dangote Cement da BUA Foods, suna wallafa rahoton kuɗinsu na shekara kyauta a intanet. Ka sauke ɗaya da datar da kake ƙonawa a TikTok, ka nemo inda canjin dala ya taɓa su. Ka koyi Excel da hannunka, ba a takarda ba. Lokacin SIWES kada ka tsaya sa hannu a littafi kawai kana tafiya gida. Ka roƙi akanta ya nuna maka yadda ake tsara kasafi. Sannan ka saba yin bayani da baki cikin minti biyu, da Turanci mai sauƙi, don da yawanmu mun san abu amma harshe ke sarƙewa.

Ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai kuma, ina da roƙo ɗaya. Cikin kuɗin da ake kashewa a makon ɗalibai, a ware yini guda na gwajin intabiyu. A gayyato malamanmu da tsofaffin ɗalibai masu aiki a Kano da Kaduna, su zaunar da mu su yi mana tambayoyi ba sani ba sabo. Gara mu ji kunya a nan, a gaban abokai, mu gyara.

Saura 'yan watanni ni ma in fita. Na riga na sauke rahoto ɗaya. Shafi goma na farko sun ba ni ciwon kai, amma yanzu na fara gane inda kuɗin ke shiga da inda yake fita.