KADA A JEFAR DA MATACIN RUWA

Jama'a, masu gida da matan gida, akwai wata magana da ke damuna game da ruwan kududdufi, ina so ku saurara.

Ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne a ƙauye. A bayan garinmu akwai wani babban kududdufi, inda aka haƙi ƙasar gini tun zamanin kakanni. Da ruwansa masu lambu ke shayar da albasa da tumatir da rani, nan shanu ke sha, nan yara ke wanka. Muna da famfo, amma ran da ya lalace, yakan kuwa daɗe ba a gyara ba, sai kowa ya ɗauki tulu da jarka ya nufi kududdufi. Kwanan baya na tsaya a bakinsa da hantsi, na ga mata suna ta ɗiba, ban ga ko ɗaya da mataci ba. Na tambayi wata amarya dalili, sai ta ce, "Malam, ai ruwan garau yake, an kuma ce kurkunu ya ƙare."

Ban ga laifinta ba, domin ba ta taɓa ganin kurkunu da idonta ba. Ni kuwa na gani. Ina yaro ya kwantar da mahaifina tsakiyar damina, ƙafa ta kumbura, ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan kaɗan, har sati shida bai riƙe fartanya ba. A shekaran nan ciyawa ta cinye gero, muka ci bashin hatsi. Ba gidanmu kaɗai ba ne. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 1988 zuwa 1989 ta sami masu kurkunu fiye da 650,000.

Ba da allura aka kore shi ba, ba kuwa da ƙwaya ba, don har yau ba shi da ko ɗaya. Yadda abin yake, akwai wani ɗan ƙwaro a cikin ruwan kwance, bai kai ƙwayar gero ba, ana ce masa ƙuman ruwa. Mai kurkunu in ya tsoma ƙafa don ya ji sanyi, sai tsutsar ta zuba 'ya'yanta cikin ruwa, ƙwaron nan ya haɗiye su, mutum kuma ya haɗiye ƙwaron. Bayan kamar shekara guda sai tsutsa ta huda fata ta fito, wata tsawonta ya kai mita ɗaya. Da aka gane haka sai aka raba wa mutane ƙyallen tacewa gida gida, aka hana mai ciwon shiga tafki, aka zuba maganin kashe ƙwaron a wasu tafkuna. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun sha yawo ƙauyuka a kan wannan aiki. Mutum na ƙarshe da ya kamu a Nijeriya a 2008 ne, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. A duniya duka, daga mutum wajen miliyan uku da rabi a 1986, ya koma mutum 13 a 2022.

To, amarya ta yi gaskiya a nan. Amma ina ganin kuskure ne babba a ce tun da kurkunu ya tafi sai mataci ya bi shi. Da fari dai bai tafi nesa ba, don a cikin mutanen nan 13 akwai na Chadi, maƙwabciyarmu, inda tun 2012 ake samunsa har a jikin karnuka. Abu na biyu shi ne ya fi damuna, watau ba kurkunu kaɗai ƙyallen nan yake tarewa ba.

Ƙwaron nan na ruwa, ƙwayoyin cutar kwalara ma suna manne masa, su da sauran dattin da ke yawo cikin ruwa. An gwada wannan a wata ƙasa mai suna Bangaladash, can gabas da Indiya, inda mutanen ƙauye ke shan ruwan tafki kamarmu. Masana suka koya wa matan ƙauyuka 65 su ninka tsohon zanensu ninki huɗu, su tace ruwa da shi. Da aka fitar da sakamako a 2003, sai aka ga masu kamuwa da kwalara sun ragu kusan da rabi. Tsohon zane fa, wanda ya sha wanki, shi ya ma fi sabo, domin zarensa ya yi laushi ya toshe ƙofofin. Mu kuwa a nan, amai da gudawan 2021 ya kama mutum fiye da 100,000, fiye da 3,000 suka rasu, galibinsu a Arewa. Wanda ya kwana yana ɗura wa yaro ruwan gishiri da sukari a shekaran nan, ba zai raina abin da zai rage ciwon da rabi ba.

Sai maganar "ruwan garau yake". Wannan ita ce ta fi cin mutane. Hasken ruwa ba shaidar lafiyarsa ba ne. Na san gidaje da yawa da ke jefa alam cikin randa, laka ta kwanta, ruwa ya yi fes, a ce shi ke nan. Alam yana da amfani, ban hana ba. 'Ya'yan zogale ma suna yin wannan aiki, matan Sudan sun daɗe suna gyara ruwan kogin Nilu da su. A ɓare busassu, a daka ƙwayar ta yi laushi, kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya in ruwan ya yi laka ƙwarai, a dama a zuba, a juya da sauri, sa'an nan a juya a hankali, a bar shi awa guda, a tsiyaye na sama. A yi amfani da shi ran nan, kada ya kwana biyu. Amma ku sani, alam da zogale da mataci duka rage ƙazanta suke yi, ba su kashe abin da ya saura. Lalle ne ruwan da za a sha, tun ba na jinjiri da mai ciki da tsoho ba, a tafasa shi ya yi minti guda yana tafarfasa, ko a sa masa maganin kilorin yadda aka rubuta a jikin kwalbar, a jira minti 30. Kilorin kuwa ba ya aiki sosai cikin ruwa mai laka, shi ya sa tacewa ke zuwa da fari.

Na san abin da za a ce mini, itace ya yi tsada. Gaskiya ne, ni ma da kuɗi nake saye. Amma ba ruwan wanki da na wanke-wanke na ce a tafasa ba, tulun sha kaɗai, a kan garwashin da aka sauke tuwo.

Ku maza kuma kada ku ce aikin mata ne, naku ya fi yawa, don shi kansa kududdufin yana son gyara. Ruwa ba ya tsami banza. In kun ga ya yi kore da gansakuka, to, kashin dabbobi da takin lambu ne ke kwarara ciki suna ciyar da ita. A yi masa shinge da ƙaya, a haƙa wa dabbobi nasu kwarmin daga waje, a riƙa ɗebo musu. A dasa jema a kewaye, saiwarta tana riƙe ƙasa, tana tare dattin da ruwan sama ke kwasowa. Salga da juji su yi nisan mita 30 ko fiye, kuma kada su kasance ta wajen da ruwa ke gangarowa. Masu feshin lambu kada su wanke tankinsu a ciki, wannan guba ce wadda tafasa ba ta kashewa. In wurin yana da rairayi, a haƙa 'yar rijiya kusa da baki, a yi mata murfi, ruwa zai tsattsafo ta cikin rairayin ya iso a tace.

A riƙa kwashe kainuwa da ciyayin baki, domin nan ƙananan katantanwa ke zama, su ne kuwa gidan tsargiya. Wannan cuta ta fata take shiga, mataci ba ruwansa da ita. Yaron da ke fitsarin jini ba balaga ya yi ba, kamar yadda wasu ke faɗi, ciwo ne, a kawo shi, akwai ƙwayar da ke warkar da shi. Ruwan wanka in an ɗebo an ajiye shi kwana biyu, 'ya'yan tsutsar da ke ciki sun mutu.

Amaryar nan na ce ta nemo tsohon zanen auduga wanda bai yage ba, na nuna mata yadda za ta ninka shi huɗu, ta ɗaure a bakin tulu tun a bakin kududdufi. Na ce ta yi wa gefe ɗaya ɗinki da jan zare, wannan gefen shi ne sama kullum, don in an juya ƙyallen an mayar da dattin jiya cikin ruwan yau. In ta gama ta ɗauraye shi da ruwan da ta tace, ta shanya a rana ya bushe sarai. Ran da ta ɗaga shi ga hasken rana ta ga huda, ta sake wani.