Tana a Tsakar Gida, Tuffa a Littafi

Idan damina ta kankama, duk wanda ya ɗaga tsohon turmi ko dutsen da ke gindin randa zai iya yin kiciɓis da tana: doguwa, ja-ja, mai santsi, ta miƙe ta takure, ta miƙe ta takure, har ta shige ƙasa. Yaro ɗan shekara huɗu in ya gan ta tsugunawa yake yi ya zura ido, abin da zai biyo baya kuwa tsawa ce: "Kai, tashi daga nan, ƙazanta ce!" In ba a yi sa'a ba yayansa ya ɗebo gishiri ya barbaɗa mata, a tsaya kallon yadda take murɗewa. Washegari a kai yaron nan makaranta a buɗe masa littafi mai hoton tuffa da dusar ƙanƙara, a ce ana koya masa sanin duniya. Ni a ganina mun juya al'amarin. Littafin hotuna na farko da ya kamata yaron Bahaushe ya riƙe a kan halittu shi ne wanda zai iya rufewa ya fita tsakar gida ya gwada ko gaskiya aka faɗa masa, kuma da wuya a samu abin da ya fi tana dacewa da wannan aiki.

Wanda zai raina tana ya fara duba wanda ya ɓata mata lokacinsa. Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya fara rubutu a kanta a 1837, littafinsa na ƙarshe kuma, wanda ya fito a 1881, shekara guda kafin mutuwarsa, kacokan a kanta ne. Ya ajiye tanu cikin tukwane a ɗakinsa, ya sa aka busa musu kayan busa, ya yi musu ihu, ko gezau. Da ya ɗora tukunyar a kan fiyano aka danna, nan take suka shige rami, sai ya gane cewa ba su jin sauti amma suna jin girgizar ƙasa. Ya kuma ƙiyasta cewa a wurare da dama na Ingila fiye da tan 10 na ƙasa ke bi ta cikin tanu a kowace eka duk shekara. Abin lura a nan shi ne kayan aikinsa: tukunya, ƙasa, ganye da haƙuri. Babu ko ɗaya da ya fi ƙarfin ajin firamare a Gumel ko Madawa. Kimiyya tana farawa ne daga tsugunnon nan da muke tsawata wa yaro a kai.

Abin da littafi zai faɗa a kan tana kuwa, kowane yaro zai buɗe baki don mamaki, kuma mafi yawansa ido na iya tabbatarwa. Ba ta da ido amma tana gudun haske. Ba ta da huhu, da fatarta take numfashi, shi ya sa dole jikinta ya zauna da danshi, shi ya sa kuma gishiri ke kashe ta, domin yana zuƙe mata ruwan jiki. Kowace ɗaya tana ɗauke da halittar namiji da ta mace, amma galibi sai biyu sun haɗu ake samun ƙwai. Maganar da yara ke yi cewa in an raba ta biyu za ta zama biyu ba haka ba ne. In an yi sa'a ɓangaren kai ya rayu, wutsiyar ta mutu. Tana cin ruɓaɓɓen ganye da ƙasa, kashinta taki ne, ramukan da take haƙawa kuma su ne hanyar da ruwa da iska ke bi su isa saiwar shuka. Da rani ta nutsa can ƙasa ta nannaɗe jikinta ta jira ruwa. A cikin shafuka goma sha biyu, mai zane zai iya nuna duk wannan, har ma ya yi abin da ido ba ya iyawa, wato ya yanka ƙasa kamar yadda ake yanka alkaki ya nuna abin da ke gudana ƙarƙashin tafin ƙafa: saiwar gero a nan, ramin tana ya karkace a can, ɗigon ruwa yana gangarawa ciki. Wannan shi ne fifikon hoto a kan jawabi ga wanda bai iya haɗa baƙi ba tukuna.

Za a ce, kuma da hujja, yaran da ba su iya karanta sunansu ba ina su ina labarin tana? Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya nuna cewa a Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma ba su iya karanta gajeren labari su fahimta a shekara goma. Gaskiya ne, amma hujjar tana goyon bayan littafin ne. Yaro ba ya koyon karatu da haruffa tsirara, sai da abin da yake ɗokin sanin ƙarshensa. Shirye-shirye irin su "Mu Karanta!" a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun sa hannu wajen koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa, abin da ya rage shi ne yaron da ya fara haɗa baƙi ya samu abin karantawa bayan littafin aji. Kalmar "tana" ma kanta kyauta ce ga malami: gaɓa biyu, haruffa huɗu, ga kuma wasan da ke cikinta, tunda a rubuce iri ɗaya take da "tana" ta "tana tafiya", sai a baki suke rabuwa. Jimla guda mai ɗauke da duka biyun ta isa ta sa aji ya ɓarke da dariya, ya kuma gane cewa rubutu ba ya nuna karin sauti.

Wani kuma zai ce ɗan ƙauye ya riga ya san tana, shi da ke haƙo ta a fadama ya saƙala a ƙugiya ya kama tarwaɗa. Ya san inda take, babu shakka, ya fi malaminsa ma. Abin da ba a taɓa gaya masa ba shi ne cewa wannan sanin nasa ilimi ne, kuma yana da gurbi a littafi. Yaron da duk abin da ya gani a shafi baƙo ne gare shi yakan tashi da tunanin cewa boko labarin wata duniya ne, gonar babansa kuwa wurin wahala ce kawai. Ɗan birni matsalarsa ta fi haka, domin an shafe tsakar gidansu da siminti, kuma ya fi sanin raƙumin dawa na talabijin a kan buzuzun da ke mirgina kashin shanu a bayan unguwa.

Tsoron iyaye mata game da ƙazanta ba abin wasa ba ne, don ƙasar da aka yi bahaya a kanta tana ɗauke da ƙwayayen tsutsar ciki. Sai dai tana daban, tsutsar ciki daban, kuma tana ba ta rayuwa a cikin ɗan Adam. Tsawa ba ta koya wa yaro wannan bambanci, littafi yana iyawa, har ya rufe da hoton buta da sabulu. Masu ɗar-ɗar da hoton abu mai rai kuma, malamai da yawa sun yi sassauci a kan kayan wasa da na koyarwar yara, suna kafa hujja da 'yan tsanan Nana A'isha. Al'ummar da ke karanta surori masu sunan tururuwa da ƙudan zuma da gizo-gizo ba ta da dalilin ganin ƙananan halittu sun yi kaɗan a tsaya a kansu.

Inda na fi jayayya shi ne da masu cewa a fassara na Turawa kawai a huta. Akwai masu kyau, ba musu. Littafin Eric Carle na 1969 a kan tsutsar malam-buɗe-littafi mai yunwa an juya shi zuwa harsuna fiye da sittin, amma 'ya'yan itatuwan da take ci a ciki yawancinsu yaron Daura bai taɓa ganin bishiyarsu ba, saboda haka ba shi da hanyar gwada komai. Ko a cikin ƙasar Hausa ma littafi ɗaya ba zai wadatar ba. Tana ta fi yawa inda akwai danshi da taki, kamar fadamu da lambuna da kudancin yankin. Can arewa inda ƙasa ta zama jigawa, gara ce ke yin mafi yawan aikin. Manoman yankin Tawa a Nijar da ke haƙa ramukan tassa a fako, kamar yadda marigayi Yacouba Sawadogo ya shahara da ramukan zai a Burkina Faso, suna zuba taki a ramin, gara ta zo ci ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanyar shiga, fako ya koma gona. Littafin da aka rubuta a Landan zai nuna gara a matsayin maɓarnaciya ko ya manta da ita gaba ɗaya. Abin ban haushi ma, ɗaya daga cikin tanun da masu haɗa taki a ƙasashen duniya ke kiwo, Eudrilus eugeniae, asalinta Afirka ta Yamma ne. Wasu na sayenta da kuɗi, mu muna barbaɗa mata gishiri.

Ba sabon abu ake nema ba. Tun kafin samun 'yancin kai Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah a Zariya, suka yi bayanin halittu da Hausa tsantsa, kuma harshen bai gaza ba. Abin da ba a yi ba shi ne saukar da irin wannan aiki zuwa tsayin ɗan shekara biyar. Kuɗin buga launi yana da nauyi, amma taskoki irin su African Storybook suna ba da damar a rubuta, a zana, a sauke, a buga ba tare da biyan lasisi ba, kuma muna da masu zane da ke ƙare basirarsu a allon shaguna da bayan manyan motoci. Kwalejojin ilimi za su iya sa ɗaliban sashen Hausa da na kimiyya da na zane su haɗu su fitar da littafi guda a matsayin aikin kammala karatu, a maimakon kundin da ƙura ke ci a kan kanta.

Sharaɗi ɗaya zan kafa wa duk wanda zai yi: shafin ƙarshe ya tura yaro waje. A yanke kan babbar robar ruwa, a zuba yashi da baƙar ƙasa hawa-hawa, a yayyafa ruwa kaɗan, a sa tana uku da busasshen ganye a sama, a lulluɓe jikin robar da baƙin ƙyalle a ajiye a inuwa. Bayan mako biyu a yaye ƙyallen, a bar yaran su faɗa da bakinsu me ya sami layukan yashin da ganyen, sannan a mayar da tanun gindin bishiyar da aka haƙo su.