Aku Ya Ci Jarrabawa, Amma Ya Iya Buɗe Taga?

'Yan uwana ɗalibai, na san wani zai ga wannan take ya ce me ya haɗa mujallar Hausa da zancen kwamfuta. A ɗan yi mini haƙuri, domin maganar harshe ce zan yi, sai dai harshen na na'ura ne.

A zangon karatun da ya wuce na haɗa wata 'yar manhaja don abokanmu Yarbawa da Ibo masu koyon Hausa. Ba wani abin a zo a gani ba ne: taga guda ce, kalma ta fito a sama, a ƙasa akwatin da za ka rubuta jam'inta, sai maɓallin da za ka danna a gaya maka ko ka dace. Da harshen Python na rubuta ta, na kuma yi amfani da kayan ƙera taga da ake kira Tkinter. Wani abokina na sashen kwamfuta ya ce in kawo mu gwada a kan tasa na'urar. Muna kunnawa ta cije tun a layin farko. Ashe shi Jython yake amfani da shi, wato Python ɗin da aka sake ginawa a kan injin Java. Lissafi yana yi, jera kalmomi yana yi, amma taga ko alama. Laifina ne da ban tambaya ba, sai dai tun ranar nake juya wata tambaya a raina: yaushe za a ce sabon tafinta ya iya harshe?

Bari in fayyace. Harsuna irin su Python da Perl da Ruby da Tcl ba kai tsaye na'ura take jin su ba. Akwai wata manhaja a tsakani mai kwaikwayon na'ura, ita take karɓar umarnin ta aiwatar, kamar dai tafinta a gaban alƙali. Harshe guda yana iya samun tafintoci da dama. Python na asali da harshen C aka gina tafintansa. A 1997 Jim Hugunin ya fara gina wani a kan injin Java, shi ne ya zama Jython. To, in kowa zai tashi ya gina nasa, ta yaya za a tabbatar duk harshe ɗaya suke ji?

Amsar da masu wannan sana'a suka bayar ita ce jarrabawa. Sukan tara dubban ƙananan gwaje-gwaje, kowanne yana cewa in an ba ka kaza, kaza za ka mayar. Sabon tafinta sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga nawa ya ci, nawa ya faɗi. Mutanen Perl 6 ma sun kai abin ƙarshe, domin sun ce duk abin da ya ci jarrabawarsu ta hukuma, to shi ne Perl 6. Da aka fitar da harshen a Disambar 2015, tarin gwaje-gwajen nan mai suna Roast shi ne ma'aunin harshen. A 2019 aka sauya wa harshen suna ya koma Raku. Ku duba fa, mu a nan muna ta gardama a kan mene ne daidaitacciyar Hausa, ko ta Kano ce tsantsa ko ta littafi, su kuwa sun mayar da tasu gardamar takardar jarrabawa.

Ni ina goyon bayan wannan hanya, don ta fi cika baki. Labarin Parrot ya ishe mu misali. Ma'anar sunan aku, kuma asalinsa wasa ne: a ranar 1 ga Afrilu 2001 Simon Cozens ya baza labarin ƙarya cewa Larry Wall na Perl da Guido van Rossum na Python sun amince su haɗe harsunansu biyu. Daga baya wasa ya zama gaske, aka soma gina inji guda da ake fata zai ɗauki Perl 6 da Python da Ruby da Tcl da sauransu, aka laƙaba masa wannan suna. Jagoran aikin na farko, Dan Sugalski, har caca ya yi da van Rossum cewa injinsa zai fi tafintan asali saurin gudanar da Python. Aka shirya gwaji, a 2004 Sugalski ya sha kaye. Ba da ƙuri'a aka raba gardamar ba, ba kuma da yawan magoya baya ba, abin da na'ura ta nuna kowa ya gani. Haka masu gina Partcl, wato Tcl a kan wannan inji, da gwaje-gwajen Tcl na asali suke auna inda suka kai. Parrot ya kai fitowa ta 1.0 a Maris 2009, amma masu gina Perl 6 suka koma wani inji mai suna MoarVM, fitowar Parrot ta ƙarshe ta zo a 2016, a 2021 aka sanar an rufe aikin.

Sai dai inda nake rabuwa da masu ɗaukar jarrabawa ita ce komai, nan ne batun taga ya shigo. Duk mun san ɗalibin da yake cin kwas ɗin nahawu da maki mai kyau, ya san aji bakwai na aikatau, amma a kai shi unguwar Sabo ya sayi tumatir sai ka ga zufa. Mai tumatir ba ya tambaya daga cikin manhajar karatu. A wurin tafintan kwamfuta, kayan ƙera taga su ne kasuwar.

Dalili kuwa shi ne waɗannan kaya yawanci ba da harshen kansa aka rubuta su ba. John Ousterhout ya ƙirƙiro Tcl a Jami'ar Kalifoniya ta Bakili a 1988, a 1991 ya fitar da Tk, wato kayan zana taga da maɓalli da akwatin rubutu, kuma da C aka gina su. Abin da ya fi ba ni mamaki da na bincika shi ne, Tkinter ɗin da na yi amfani da shi ba ya zana komai da kansa. A cikin cikinsa akwai tafintan Tcl sukutum. Python ya faɗa wa Tcl, Tcl ya faɗa wa Tk, Tk ya faɗa wa na'ura. Tafinta a bayan tafinta. Wannan gada kuwa an gina ta ne daidai da tafintan asali mai harshen C, shi ya sa Jython ba ya iya hawa kanta, sai dai ya ari kayan Java irin su Swing. Masu PyPy, wani tafintan Python ɗin, sai da suka sake gina gadar da hannunsu. Ke nan tafinta yana iya cin jarrabawar nahawu kaf, amma manhajar da talaka zai danna ta gagare shi. Ni kuwa abokan karatuna ba ruwansu da yawan gwajin da aka ci, taga suke son gani.

Gwada taga ma wani aiki ne. Lissafi in ka ce 2 a tara da 2, amsa 4 ce, ba gardama. Amma taga sai da allo, shi ya sa masu gwaji kan yi amfani da allon riya irin Xvfb don manhajar ta zaci tana zane. Gwajin yana iya tabbatar da cewa harafin ƙ yana cikin akwati, alhali a idon mutum wani ɗan murabba'i ne fanko ya fito saboda salon rubutun ba shi da harafin. Na'ura ta ce an ci, mai karatu ya ce bai gani ba.

A nan ne abin ya taɓa mu kai tsaye. Jarrabawa ba ta tambayar abin da mai shirya ta bai yi tunaninsa ba. Ga abin da kowa zai iya gwadawa a Python. Ka ba shi kalmar jama'a ka ce ya mayar da ita irin ta kan take, sai ya ba ka Jama'A, domin ya ɗauka alamar hamza ta raba kalmar biyu. Ka ce ya jera baki da ɓera da zomo da ƙasa, sai ya kai ƙasa da ɓera can bayan zomo, kuma ƙasa ta riga ɓera, saboda lambar ƙ a tsarin Unicode 409 ce, ta ɓ 595, ta z kuwa 122. A wurinsu wannan ba kuskure ba ne, haka aka tsara, kuma duk sabon tafintan da yake son a ce ya iya Python dole ya maimaita hakan. Aku ai abin da ya ji yake faɗa. Akwai dai ƙa'idar jera haruffan Hausa a ma'ajiyar CLDR ta Unicode, wadda ta sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, amma sai mai manhaja ya san da ita ya nemo ta.

Wani zai ce wannan aikin 'yan sashen kwamfuta ne. Ban yarda ba. Su sun iya rubuta gwaji, amma ba su san cewa 'yan a farkon jimla 'Yan take zama ba, ba su san bambancin ƙafa da kafa ba. Rubuta gwaji kuwa rabinsa ba ya bukatar sanin kwamfuta: shafi ne mai gida biyu, ga abin da aka bayar, ga abin da ya kamata ya fito. Wannan ɗan aji biyu ma zai iya.

Ni dai na fara nawa. Na tara kalmomi 60 masu ƙugiya da hamza, kowace da babban baƙinta da gurbinta a jeri. Manhajar kuma na bar ta a kan Python na asali, tana buɗe tagarta lafiya lau. Wanda yake da kalmar da yake zaton za ta kayar da ita, ya same ni bayan darasin fassara na ranar Laraba, mu ƙara ta a cikin jerin.