ZAUREN UWARGIDA: Kicin Irin Na Ƙauyen Italiya, Ko Kuwa Namu Na Gado?

A wannan wata za mu taɓo wani yayi da ya shigo, musamman wajen amare da masu yi musu jere, wato gyaran kicin irin na ƙauyen Italiya. Hotunansa na yawo a wayoyi, wasu kuma 'yan'uwanmu mazauna Brescia, Modena da Napoli ne ke aiko su. Za ki ga bango mai ruwan ƙasa, daɓen jan tayil, kantocin katako ba murfi, tukwanen jan ƙarfe a rataye, ga tafarnuwa an kitsa ta tana lilo a jikin ƙusa. Abin gwanin sha'awa. To amma kafin uwargida ta kwance bakin zaninta, ya kamata ta san asalin abin.

Wannan ado na lardin Tuskani ne, a tsakiyar Italiya, kuma asalinsa kicin ɗin talakawa ne. Shekaru aru-aru manoman wurin suna noma gonakin masu ƙasa a bisa tsarin da suke kira mezzadria: in an girbe a raba biyu, rabi na mai gona, rabi na manomi. Sai a 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan. Manomin da rabin guminsa ke tafiya gidan wani ba shi da kuɗin kabad, shi ya sa ya kafa katako a bango ya jera kwanoninsa. Ba shi da firij, shi ya sa ya rataye albasa da tafarnuwa su sha iska. Bangonsa farar ƙasa ce, daɓensa yumɓun garinsu ne aka gasa. Har shahararriyar miyarsu, ribollita, ragowar burodi ce da wake da kabeji ake sake tafasawa, kamar dai ɗumamen tuwonmu na safe. Da manoman suka watse zuwa masana'antu a shekarun 1950 da 1960, sai masu hali daga Ingila da Jamus suka saye gidajen, mujallu suka ɗauki hoto, talaucin jiya ya zama adon yau.

To jama'a, in haka ne, me Bature ya fi mu da shi? Shi yana da garin Impruneta kusa da Florence, inda aka gasa tayil ɗin da ya rufe babbar kubbar birnin, wadda aka gama a 1436. Mu kuwa muna da Vume a yankin Volta da Pankrono a Kumasi, garuruwan magina tukwane, ga Mpraeso a Kwahu inda ake gina asanka. Wani Baturen Ingila maginin tukwane, Michael Cardew, ya zo Achimota a 1942, ya riƙe masana'antar yumɓu a nan Alajo maƙwabtanmu, ya koma Vume a 1945, daga baya ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. A can ne Ladi Kwali ta yi suna a duniya, har hotonta ya hau takardar Naira 20. Ashe yumɓun da muke rainawa, wasu teku suka ƙetaro dominsa.

Haka kuma jera kwanoni a fili ba Bature ya koya mana ba. Duk wadda ta taso a zango ta san ɗakin kakarta: langa a kan langa har kusa da rufi, fanteka, kumbo, tasoshi an goge su da toka da lemun tsami suna walƙiya, ga ƙore a ragaya. Yau da yawa daga cikin kayan nan suna ƙarƙashin gado, ko an ba yara suna wasa da su, an maye gurbinsu da roba. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Ga shawarwarina ga mai son irin wannan kicin ba tare da ta ci bashi ba.

Na farko, ki dubi inda kike. Yawancinmu haya muke a gidan yawa, ɗaki ciki da falo, girki a baranda ko a tsakar gida. Bango na maigida ne, daɓe ma nasa ne. Idan kika zuba kuɗin adashinki a tayil, ranar da aka ba ki takardar tashi ba za ki ɓamɓare shi ki tafi da shi ba. Saboda haka ki sa kuɗinki a abin da zai hau mota tare da ke: teburi, kanta, tukwane. Abin da ya shafi gini kuwa, sai da yardar maigida, a gaban shaidu.

Na biyu, bango. Farar ƙasa ta fi fenti araha, kuma tana barin bango ya yi numfashi, abin da muke bukata a garin da danshi ya yi yawa. In kina son ruwan ƙasa irin na hoton, mai fenti zai sirka miki ɗan garin kala ja ko rawaya. Sai dai daidai wurin murhu, inda mai ke fantsama, a shafa fentin mai ko a kafa falle, don a iya wankewa.

Na uku, katako. Ki ce wa kafinta ya yi miki kanta da odum, domin gara ba ta cika cinsa ba. Katakon wawa ya fi araha, amma ƙwaro da danshi ba sa raga masa, kada sunansa ya bi mai sayensa. Kuma a ɗaga komai daga ƙasa. Mu da ke zaune kusa da babbar gota mun san abin da ruwan watan Yuni ke yi, ba mu manta da daren 3 ga Yuni, 2015 ba.

Na huɗu, kanta ba murfi tana da sharaɗi. Ƙurar hunturu, kyankyaso da ɓera ba su san ado ba. Abin da ake amfani da shi kullum shi za a bari a fili: asanka da tapoli, muciya, maburgi, ludayi, rariya. Gari, shinkafa, wake, daddawa, kanwa da karan dafin waakye kuwa a zuba su a kwalabe masu murfi a jera. Kyansu ya fi na duk wata fulawar roba. Albasa da tafarnuwa su shiga kwandon Bolga, a rataye inda iska ke ratsawa. Ranar Laraba ki zaga kasuwar Nima, mafi yawan waɗannan kaya suna nan.

Na biyar, kuma shi ne mafi girma, lafiya. Tukunyar jan ƙarfe da ba a shafe cikinta da kuza ba, ba a dafa tumatir ko tsamiya a ciki, don tsami na narkar da ƙarfen ya shiga abinci. Ta tsaya a ƙusa, a yi girki a dadesen ko tukunyar ƙasa. Farantan ado masu ƙyalli da ba a san inda aka yi su ba, wasunsu akwai dalma a jiki, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Langar da ta ɓantare ma ta koma kan jere, ta huta da miya. Kada a rataye kwando, faifai ko labule a saman wuta don hoto ya yi kyau. Kurfoti ba ya shiga ɗaki a rufe ƙofa, ko da ana ruwa, domin hayaƙin gawayi mai kisa ba shi da wari ba shi da launi. Tukunyar gas ta zauna inda iska ke shiga, a riƙa shafa ruwan sabulu a tiyo, in ya yi kumfa to yana yoyo. A gidan yawa wutar ɗaki ɗaya ta kowa ce.

Daga ƙarshe, ina kira ga iyayen amare. Gasar jere ta sa wasu sun sayar da zannuwansu da sarƙoƙinsu don a ce kicin ɗin 'yarsu irin na Turai ne. Alhali Baturen da ake kwaikwayo, kayan kakarsa ya kakkaɓe ya jera. Idan da gaske irin nasa muke so, to mu yi abin da ya yi. A fito da langar Hajiya a wanke, a ajiye randa a lungu da moɗa a kan faifai, turmi da taɓarya a gefe, akushi a kan kanta. Kuɗin da ya rage a ba yarinya ta ja jari, ko na koko da ƙosai ne.

Mai tambaya ko ƙarin bayani sai ta rubuto wa wannan fili ta ofishin edita. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake gyara sabuwar tukunyar ƙasa kafin a ɗora ta a wuta, don kada ta fashe. Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.